Mun je neman zinare a dajin Biktoriya, ni da Alhaji

Daga Melbon zuwa Ballarat, a jihar Biktoriya ta Ostareliya, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa, ka hau a tashar Southern Cross ka samu kujerar gefen taga kana kallon tumaki da filaye har ku isa. Mu biyu muka tafi, ni da wani dattijo Bahaushen Sudan da muke sallah masallaci ɗaya, kakanninsa daga ƙasar Kano suka taso a ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a bakin Nilu, shikenan zama ya kama su. Kowa Alhaji yake ce masa, shi kuma in yana cikin nishaɗi ya ce min ɗana, in na ɓata masa rai sai ya koma Malam. Shi ne ya dame ni da maganar tafiyar nan, wai tun yana Sudan yake jin labarin zinaren Ostareliya, yanzu ga shi Allah ya kawo shi ƙasar amma ko rami ɗaya bai taɓa leƙawa ba.

A watan Yuli muka je, wanda a nan shi ne tsakiyar hunturu, kuma Ballarat a kan tudu take don haka sanyinta ya fi na Melbon mugunta, iska mai shiga ƙashi ga yayyafi da baya tsayawa kuma baya zama ruwan kirki. Amma kana fitowa daga tasha ka hau titin Lydiard sai ka manta da sanyin saboda gine-gine. Bankuna, otal-otal, gidan wasan kwaikwayo, wani ƙaton zaure da a da ake cinikin hannun jarin kamfanonin haƙar zinare a ciki, duk na dutse da jan bulo an ƙawata su da ado, a wurin da kafin 1851 makiyayar tumaki ce kawai, kafin tumakin kuma ƙasar mutanen asali 'yan ƙabilar Wadawurrung ce da aka karɓe musu ko sannu babu. Alhaji ya tsaya ya ɗaga kai yana ta kallo yace "ɗana, duk wannan daga rami ya fito?" Nace daga rami Alhaji.

A 1851 ɗin aka fara ganin zinare a Clunes, sai Buninyong, sai nan Ballarat, kafin shekara ta ƙare an gano na Castlemaine da Bendigo, labari ya kai Ingila da Amurka da Sin. Mutanen Biktoriya gaba ɗaya a lokacin basu wuce dubu 77 ba, amma cikin shekara goma sun haura dubu 500. Matuƙan jiragen ruwa suna isowa Melbon su gudu su bar jirgin a tasha, 'yan sanda suna ajiye aiki, makiyaya suna barin tumakin iyayen gidansu a daji, kowa ya saɓa diga da shebur ya nufi arewa. Duk wanda ya ga yadda Agadez ta koma lokacin da labarin zinaren Djado ya ɓulla a 2014 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mun fara da Sovereign Hill saboda duk baƙo can ake kai shi. Gari ne guda aka gina shi a kan tsohon wurin haƙa yadda yake a shekarun 1850, an buɗe shi a 1970, ma'aikatan suna yawo cikin kayan mutanen da, ga keken doki, ga maƙeri yana dukan ƙarfe, ga masu yin kyandir da alawa, ga sojoji masu jajayen riguna suna fareti suna harba bindigar toka yara suna ihu. Kuɗin shiga ba sauƙi, Alhaji sai da ya yi salati a gaban mai sayar da tikitin. A tsakiyar wurin akwai ɗan rafi da aka zuba tasoshin ƙarfe da shebur a bakinsa, kowa ya ɗauka ya tsuguna. Aikin dai in taƙaice muku regar shinkafa ce, wadda duk ta taɓa rege shinkafar gida a ƙwarya ta gama iyawa, bambancin kawai a shinkafa abin da ya kwanta a ƙasa shi ake zubarwa, a nan kuwa shi ake nema. Ka ɗebi yashi da tsakuwa, ka nutsa tasar a ruwa, ka girgiza ta sosai gefe da gefe, ka karkata ta ruwa ya ɗauke na sama, ka sake girgizawa, haka haka har sai ɗan baƙin yashi mai nauyi ya rage a gindi. Dalili kuwa zinare ya ninka ruwa nauyi sau 19, yashi ko sau uku bai kai ba, don haka muddin kana girgizawa dole ya gangara ƙasa. In ka ga abu yana walƙiya yana yawo a saman ruwa to ba shi bane, zinaren gaske baya rawa, inda ya zauna nan yake zama, kuma ko a inuwa launinsa baya canzawa.

Na samu 'yan ƙyalli-ƙyalli kaɗan da sai ka lashi yatsa ka ɗauko su ka jefa a ƙaramar kwalba mai ruwa. Zinare ne na gaske, amma su da kansu basa ɓoyewa cewa ma'aikata ne suke zuba shi a rafin don kada yara su koma gida da kuka. Hannuna ya daskare har bana jin yatsuna. Daga nan muka shiga inda ake narka zinare a gaban jama'a, mutumin ya fito da kasko daga wuta ya zuba ruwan zinare ja wur a mazubi, ya juye shi ya tsoma a ruwa ya ɗago sanda mai kilo 3, wadda ita ɗin ce dai suke narkarwa su sake zubawa kullum shekara da shekaru. Wurin ya burge ni, amma gaskiya yayi tsafta da yawa. Ba wari, ba ƙuda, ba mai zawo, ba wanda rami ya rufta da shi. Wasan kwaikwayo ne mai kyau, kuma in da nan muka tsaya da ban rubuta komai ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai a Ballarat takarda ce. Kafin ka ɗauki na'ura ko tasa ka shiga daji neman zinare a jihar Biktoriya sai ka mallaki wata takardar izini da suke kira Miner's Right, a waya muka saya muna zaune a shagon shayi, kuɗinta bai kai dala 30 ta Ostareliya ba kuma shekara 10 take yi, ba ruwansu da ɗan ƙasa ne kai ko baƙo, abin da ka samu kuma naka ne. Nace wa Alhaji wannan arha haka? Sai da muka je cibiyar tarihi ta Eureka muka ga tsohuwar tutar boren mahaƙa shuɗiya mai taurari biyar duk an yayyage gefenta sannan na gane cewa an riga an biya kuɗin takardar tun 1854, da jini.

Yadda abin yake, a 1851 gwamnatin mulkin mallaka ta sa wa kowane mahaƙi lasisin sule 30 a wata, fam ɗaya da sule goma kenan, ka samu zinare ko baka samu ba sai ka biya, kuma ba ka da ƙuri'a ba ka da bakin magana. 'Yan sanda a kan dawaki suna bin ramuka suna farautar marasa lasisi, wanda aka kama a ɗaure shi da sarƙa a jikin gungume in babu wuri a kurkuku. Da sabon gwamna Charles Hotham ya zo sai yace a riƙa farautar sau biyu a sati. Ana cikin haka a watan Oktoba 1854 aka kashe wani mahaƙi James Scobie kusa da otal ɗin Eureka, alƙalai suka wanke mai otal ɗin da kowa yake zargi, mutane suka fusata suka banka wa otal ɗin wuta. Ƙarshen Nuwamba suka taru a Bakery Hill suka ƙona lasisinsu, suka yi rantsuwa a ƙarƙashin tutar nan, wani ɗan Ayalan Peter Lalor ya zama jagora, suka kafa shinge da katakai suka shiga ciki da 'yan bindigogi da masu. Ranar Lahadi 3 ga Disamba da asuba sojoji da 'yan sanda 276 suka afka musu lokacin da yawancinsu sun tafi tantunansu, cikin kamar minti 20 an gama, an kashe mahaƙa aƙalla 22. A fagen yaƙi dai an ci su da yaƙi ƙarara. Amma da aka gurfanar da mutum 13 a Melbon da laifin cin amanar sarauniya, masu taya alƙali yanke hukunci suka ƙi kama ko ɗaya. Wanda aka fara yi wa shari'a ma baƙar fata ne ɗan Amurka, John Joseph, inaga gwamnati ta ɗauka shi zai fi sauƙin ratayewa, aka sallame shi jama'a suka ɗora shi a kujera suka zaga gari da shi. A Bendigo ya rasu, kabarinsa ko alama babu sai a 2023 jakadiyar Amurka Caroline Kennedy ta zo aka sa masa allo. A 1855 aka soke lasisin wata-wata aka kawo wannan takarda a kan fam ɗaya a shekara, kuma mai ita yana da ƙuri'a. Lalor da aka yanke masa hannu saboda harsashi ya shiga majalisa har ya zama kakakinta. Alhaji da na gama karanta masa allunan yace "to ai su ma sun sha barkono kafin su zama mutane."

Washegari muka ɗauki hayar mota muka nufi arewa, Creswick, Clunes, Talbot, Maryborough, ƙananan garuruwa masu faffaɗan titi da manyan gine-ginen da sun fi ƙarfin mutanen da suka rage a ciki. Tashar jirgin Maryborough kaɗai abin kallo ce. Wannan yankin har zuwa Dunolly, Tarnagulla, Inglewood da Wedderburn shi ne ya yi suna a duniya wajen manyan curin zinare kusa da saman ƙasa, kuma zinarensa tatacce ne sosai ya kusa kai zalla. A Maryborough muka shiga wani shago da ke ba da hayar na'urar neman zinare, aka haɗa mu da wani tsohon Bature ɗan fansho mai farin gemu da hula mai faɗi wanda zai kai mu daji ya koya mana.

Ana ɗora na'urar a kan tebur Alhaji ya yi shiru, sannan ya kai hannu ya shafa ta ya faɗi sunanta da lambarta tun kafin mai shago ya buɗe baki, Minelab GPX. Baturen ya yi mamaki yace ka taɓa amfani da ita ne? Alhaji yace a'a, ƙanina ne. Ashe ƙaninsa wajen 2010 ya sayar da filinsa, suka haɗa kuɗi su huɗu suka sayi irinta sak, suka shiga saharar arewacin Sudan a bayan Landkuruza da gangunan ruwa. Kamfanin a Adelaide yake nan Ostareliya, an fara ƙera injinan ne saboda irin wannan jar ƙasa mai ƙarfe da ke rikita ƙananan na'urori, sai gashi kasuwarsu ta buɗe a Afirka, daga Sudan abin ya tsallaka Chadi wajen duwatsun Tibesti, daga can Djado da Tchibarakaten a Nijar, har jabunsu suka cika kasuwa. Baturen yace shi ya san ana sayar da su da yawa a Afirka amma bai taɓa haɗuwa da wanda abin ya shafa ba. Ya tambayi Alhaji ko ƙanin ya samu. Yace ya samu sau ɗaya, ya yi aure ya sayi mota, ya koma ya ƙarar da komai yana neman na biyu.

Dajin da ya kai mu kusa da Dunolly ne, itatuwan turare masu baƙin ɓawo mai kauri, ƙasa ja da farar tsakuwa, shiru sai kukan tsuntsaye. Da farko zaka ɗauka daji ne da ba a taɓa shiga ba, sai ka lura ƙasar duk tudu da kwari ce, kowane taku akwai tsohon rami da ya cike rabi da tulin ƙasa a gefensa, har iya ganinka. Itatuwan ma yawancinsu sirara ne uku huɗu suna fitowa daga kututture ɗaya, saboda an sare na asali kaf an yi tokaren ramuka da makamashin injina da su. Mutanen Dja Dja Wurrung masu ƙasar cewa suke an kifar musu da ita, na ƙasa ya dawo sama, kuma in ka tsaya a wurin ka san ba ƙari suka yi ba. Ya nuna mana wani zagayayyen kwari da ɗan tsibiri a tsakiya, wai nan doki yake zagayawa yana jan ƙarfe yana dama laka da ruwa don zinare ya rabu da yumɓu. Ya kuma ja mana kunne a kan ramuka masu zurfi da ganye ya rufe bakinsu, yace in ka ga ƙasa ta lotsa zagaye ta.

Dokokin takardar ya karanto mana kamar mai karanta wa yara tarbiyya. Kayan hannu kawai, diga, shebur, tasa, rariya, na'ura, ba injin haƙa ba nakiya. Kada ka sare itace ko ka tone saiwarsa. Kada ka taɓa wuraren tarihin mutanen asali. Gonar mutum sai da izininsa, gandun gwamnati ma ba kowanne aka yarda ba akwai taswira. Sannan duk ramin da ka tona ka mayar da ƙasarsa ka tattake ka ja ganye ka rufe. A kan wannan na ƙarshen ya fi zafi, yace masu barin rami a buɗe su ne za su ja a rufe musu dazuzzukan gaba ɗaya.

Shi aikin na'urar kansa wallahi haƙuri ne tsagwaronsa. Ka sa abin ji a kunne, akwai wani siririn kuka da take yi ba tsayawa, ka riƙa lilo da faifan dab da ƙasa a hankali, hagu dama, taku ɗaya, hagu dama, kana sauraron inda kukan zai ɗan canza. Ba ƙara mai ƙarfi ake nema ba, ƙara mai ƙarfi yawanci gwangwani ne ko guntun waya a sama, wanda ake so shi ne ɗan lanƙwasar murya da in ba ka natsu ba ma ba za ka ji ba. In ka ji sai ka kankare ganye da ƙafa ka sake gwadawa, in yana nan ka sa diga, ka fito da ƙasa, ka gwada ramin ka gwada tulin, in abin ya dawo tuli ka riƙa ɗiba da cokalin roba kana wucewa da shi ta kan faifan kana rabawa biyu har ya rage abu ɗaya a tafin hannunka. A gindin digar akwai maganaɗisu, in abin ya manne to ƙarfe ne ka huta. Takalmi mai ƙarfe a baki baya yi, agogo da zobe ma cirewa ake, in ba haka ba ka wuni kana farautar ƙafarka.

Abin da muka tono kuwa, ƙusoshin takalman mutanen 1850, guntayen kofaton doki na ƙarfe, maɓalli, harsashin dalma na masu harbin zomo wanda shi ne babban maƙiyi don baya manne wa maganaɗisu kuma kukansa sak na zinare, zuciyarka ta buga ka goge shi a wando ka ga toka-toka. Akwai kuma wasu jajayen duwatsu masu ƙarfe a ciki da suke sa na'ura kuka a banza. Baturen yana da jaka ta musamman da yake tara sharar nan ya fita da ita, yace duk ƙusar da ka bari gobe kai za ka sake tono ta. Mun ci karo da wasu irinsa a dajin, mata da miji tsofaffi da motar kwana da ɗan karensu, sun kafa kujeru suna shan shayi, matar tace likita ne yace mijin ya riƙa tafiya a ƙafa shi kuma baya son tafiyar da ba dalili.

Da azahar ta yi muka yi alwala da ruwan gora muka shimfiɗa jaket, alƙibla a nan yamma take da ɗan karkata arewa, abin da har yau in na tsaya sai na ji wani iri ni da na tashi ina fuskantar gabas. Baturen ya kashe na'urarsa ya koma gefe ya zauna har muka idar, na ji daɗin wannan. Bayan sallah ne Alhaji ya samu nasa, a gefen wani tsohon tulin ƙasa da mahaƙan farko suka zubar, zurfin bai kai tsawon yatsa ba. Na ji kabbara daga bayan itatuwa na zo da gudu. Ɗan mitsitsi ne mai ƙwarya-ƙwaryan jiki da jar ƙasa a maƙale, Baturen ya jefa shi a baki ya tsotse ya tofo a hannu sai ga shi rawaya shar, ya ɗora shi a tafin Alhaji yace ji nauyinsa. A ɗan sikelinsa na aljihu bai kai rabin giram ba. Giram a lokacin ya haura dala 100, don haka ko kuɗin hayar na'ura ɗaya bai biya ba balle mota da mai da otal da ladan Bature. Amma hannun dattijon nan rawa yake, mutumin da ya aurar da 'ya'ya. Ni ban samu komai ba sai ƙusa.

Abin da ke riƙe mutane a dajin nan labarai ne, kuma matsalar ita ce labaran gaskiya ne. A 1980 wani mutum Kevin Hillier ya fita da na'urarsa a Kingower ya ji kuka ya tona kamar kamu ɗaya da rabi ya ci karo da curi mai kilo 27, ana kiransa Hand of Faith, wanda wani gidan caca a Las Vegas ya saya sama da dala miliyan ɗaya. A 2023 ma aka ba da labarin wani da ya ƙi a faɗi sunansa, da na'ura mai arha, ya ɗauko dutse mai kilo 4.6 da zinare kilo 2.6 a ciki. Uban su duka kuwa a Moliagul yake, ƙauyen da bai fi kilomita 15 daga Dunolly ba, can muka ƙarasa da yamma. Ranar 5 ga Fabrairu 1869 wasu mutum biyu 'yan Cornwall ta Ingila, John Deason da Richard Oates, suna sassaƙar ƙasa a gindin wata bishiya diga ta daki abu, santimita 3 kacal daga sama. Welcome Stranger kenan, curin zinare mafi girma da aka taɓa tsinta a irin wannan ƙasa a duniya. Suka kai shi banki a Dunolly aka rasa sikelin da zai ɗauka, sai da aka kira maƙeri ya sassare shi a kan uwar maƙera, wadda har yau tana nan a kafe a gaban gidan tarihin garin. Zinare zalla kusan kilo 72, aka biya su sama da fam dubu 9, aka narke shi aka tura Landan, ko hotonsa ba a ɗauka ba. A wurin yanzu ginshiƙin dutse ne da aka kafa a 1897, da teburin cin abinci, ba kowa sai mu.

Alhaji ya zauna a kan teburin ya fara lissafi da yatsu, nace me kake ƙirgawa, yace humusi. Wai a wajen malamanmu na Malikiyya zinaren da ka sha wahalar haƙa da tacewa zakka ake fitar masa in ya kai nisabi, amma curi tatacce da aka tsinta ba wahala ɗaya bisa biyar ake fitarwa, don haka waɗannan mutanen da Musulmi ne da sama da kilo 14 ya tafi baitulmali. Nace to naka fa? Yace "Malam, nawa na sha wahala."

A hanyar komawa muka bi ta Castlemaine saboda Baturen yace kada mu wuce bamu ga Pennyweight Flat ba. Maƙabarta ce a kan wani tudu mai duwatsu, an zaɓe shi ne don ba zinare a wurin ba wanda zai tone shi. Tsakanin 1852 da 1857 an binne kusan mutum 200 a nan kuma yawancinsu yara ne da jarirai, ruwan da ake wanke ƙasa da shi ake bahaya a gefensa shi ake sha, zawo da zazzaɓin taifot suka yi ta ɗibarsu. Kaburburan gajeru, an jera musu duwatsu a kewaye, mafi yawa ba suna. Ba yadda za a yi ɗan arewacin Najeriya ya tsaya a wurin nan bai tuna Zamfara ba, 2010, Bagega da Dareta da Yargalma da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake kawo dutsen zinare cikin gida ana niƙa shi a injin niƙan hatsi ana shanya shi a tsakar gida yara suna rarrafe a cikin ƙurar, dutsen kuma cike da dalma, yara wajen 400 suka rasu kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su gano bakin zaren a kankare ƙasar gidajen. Mutane suna son cewa ai su Turawa sun iya tsari mu ne bamu iya ba. Ni dai abin da na gani da idona, su ma sun binne 'ya'yansu, su ma an yi musu farauta da dawaki, sun zubar da zaiba da guba a rafukansu da har yau ake gargaɗi a kai, sun kuma zalunci na ƙasa da su, don a 1855 sun sa wa duk ɗan Sin da ya sauka a Biktoriya harajin fam 10, dole dubbansu suka riƙa sauka a Robe ta jihar maƙwabta suna takowa sama da kilomita 400 a ƙafa. Inda suka sha bamban da mu shi ne talakan da ke cikin rami ya samu takarda mai arha da ta ce ramin nasa ne da abin da ke ciki, ya samu ƙuri'a, wani kaso na kuɗin kuma ya tsaya a garin da aka haƙo shi aka yi makaranta da asibiti da layin dogo. A Anka wa yake da irin wannan takardar? Mai haƙa yana tsoron soja yana tsoron ɗan bindiga, zinaren kuma ya bi ta bayan gida ya tafi Dubai.

Na yi kuskuren, a'a ba kuskure bane ganganci ne, na sa hoton kwalbata ta Sovereign Hill a WhatsApp ɗin gida. Kafin mu isa Melbon saƙo ya fi ƙarfin waya, ƙanwata tace Yaya ni sarƙa da 'yan kunne kawai, wani ɗan baffana yana tambayar yadda ake samun biza, Inna kuma ta kira tace "kai dai ka fita daga ramin mutane, karatu aka tura ka." Duk rantsuwar da na yi cewa abin da ke kwalbar ko kuɗin kati bai kai ba ba wanda ya yarda.

Wanda duk Allah ya kawo shi ƙasar nan yana son gwadawa, ya zo tsakanin Afrilu da Oktoba, don da bazararsu akwai zafi da gobarar daji da macizai masu mugun dafi, ga wasu manyan tururuwa masu cizo da basa jin kora. Ya sayi takardarsa kafin ya taɓa ƙasa, ya yi hayar na'ura kada ya saya don manyan suna kai dala dubu 10, ya tafi da ruwa da guzurinsa tunda abincin halal a ƙauyukan nan sai dai kifi da dankali, ya kuma faɗa wa wani inda za shi saboda sabis ɗin waya yana ɗaukewa. A Wedderburn duk watan Maris suna taron masu na'ura, a binne alamomi a fili a saki mutane su nema, mai sa'a ya ci kyauta. Alhaji ya riga ya sa ni na rubuta masa ranar, kuma na ji yana tambayar Baturen nan nawa ake sayar da ta hannu, amma yace kada in kuskura Hajiya ta ji.